Yarana sun iya ƙwallon kwando amma ba su da zafin nema, ina mafita?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin koci da ke horar da 'yan sakandare, masu shekara 14 zuwa 17, a nan cikin garin Kaduna. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Yarana sun iya wasa, amma da zarar an wuce mu da maki goma sai jikinsu ya mutu. In na haɗa su gasa a atisaye sai abin ya koma faɗa da gaba, in na sassauta kuma sai ya koma raha. Sannan akwai gwaninmu da kullum sai ya makara, na kasa ajiye shi a benci domin shi ke ci mana wasa. Yaya zan yi?"

Koci, sannu da fama. Ka kawo matsala uku, amma ni a ganina tushensu ɗaya ne. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba ya auna ka da jawabin da kake yi bayan atisaye. Abu biyu yake kallo: me kake ƙirgawa, kuma wa kake sakawa a fili ranar wasa. Kamar malamin da ke cewa kowane babi na littafi yana da muhimmanci ne, alhali kowace shekara daga babi ɗaya yake fitar da jarrabawa. Ɗalibai ba wawaye ba ne, wannan babin za su karanta.

To kai me kake ƙirgawa? Daga yadda ka ba da labari, ƙwallon da ta shiga kwando kaɗai. Nan faɗan ya samo asali. Ƙwallo ɗaya ce, 'yan wasa biyar ne, kuma duk jifan da Musa ya yi jifa ne da Bitrus bai samu ba. Idan darajar yaro a wurinka tana rataye da yawan abin da ya jefa, ka mai da abokin wasansa kishiyarsa. Amma tsare abokin hamayya, da cafke ƙwallon da ta bugi allo ta dawo, da rigan kowa komawa gida in an ƙwace ƙwallo, waɗannan ba sa ƙarewa don wani ya yi nasa. Kowa zai iya cika hannunsa da su ba tare da ya rage wa ɗan'uwansa komai ba. Nan za ka mayar da gasar.

Ka sayi littafin rubutu, ka ba yaron da ya ji rauni ko wani ƙarami da ke son zama kusa da ƙungiya ya riƙe. A kowane atisaye a rubuta wa ya hana a ci shi, wa ya cafke ƙwallon allo, wa ya taɓa ƙwallo ya ɓata wa masu kai hari shiri, wa ya miƙa ƙwallon da aka ci da ita. Wanda ya ɓarar da ƙwallo da ganganci a cire masa maki ɗaya. Ranar Asabar a karanta jimilla a gaban kowa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Anson Dorrance, tsohon kocin ƙwallon ƙafa ta mata a Jami'ar North Carolina a Amurka, wanda ya ci kofin jami'o'in ƙasar fiye da sau 20, da haka ya yi suna: kusan duk abin da aka fafata a kai a atisaye sai an rubuta an jera sunaye. Shi ma a wurin Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na jami'ar a lokacin, ya ga tsarin. Dean Smith ɗin nan ne ya sa wa 'yan wasansa al'adar cewa duk wanda ya ci, ya nuna wanda ya miƙo masa ƙwallo da yatsa yana komawa tsaro. Ba ta cin ko sisi, kuma ta sa duk filin ya san cewa mutum biyu ne suka ci wannan ƙwallon. Ka ɗauke ta yau ɗin nan.

Gargaɗi ɗaya. Za ka ga a bidiyo kociyoyin waje suna yaba wa mai zubewa ƙasa ya rarumi ƙwallo. Su a kan katako suke wasa. Mu, in ka cire zauren cikin filin wasa na Ahmadu Bello da 'yan wurare kaɗan, a kan siminti muke, wani ma ya farfashe. Kada ka ba da maki a kan zubewa. Ka ba da shi ga wanda ya riga sunkuyawa ya damƙe ta da hannu biyu.

Sai maganar mutuwar jiki in an wuce ku. Ba rashin zuciya ba ne kamar yadda kake zato. Yaranka ba su taɓa zama a wannan hali ba sai ranar wasa, a gaban 'yan kallo, ga ihu. Duk wasan atisayenku daga babu ko ɗaya yake farawa, to ina za su koyi fita daga rami? Ka riƙa jefa su ciki da kanka. Ka tsayar da biyar ɗinka na farko ka ce musu: saura minti biyar, an wuce ku da goma, ƙwallo a hannun 'yan benci. Ka sa agogon waya, ka hura usur. Ranar farko za su yi abin da suke yi a wasa, kowa ya kama jifan maki uku daga nesa cikin firgici. Bar su su sha kashi, sannan ku zauna ku yi lissafi. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kowane hari daƙiƙa 24 ne iyakarsa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, ke nan ko da kowane ɓangare ya cinye lokacinsa duka, kuna da hari wajen shida, kuma a zahiri yara ba sa cinye shi, don haka ya fi haka. Hana su ci sau uku a jere, ku ci naku uku na ƙarƙashin kwando, goma ta koma huɗu ba tare da an jefa ko ɗaya daga nesa ba. Yaron da ya yi wannan lissafin da kansa, kuma ya ga ya faru a atisaye har ya saba, ba ya kallon allon maki da ido ɗaya da wanda bai yi ba. Na san wasannin makarantu da yawa babu agogon daƙiƙa 24, wanda ke gaba yana iya riƙe ƙwallo ya ci lokaci. Wannan dalili ne na koya musu matsa wa mai ƙwallo tun daga gidansa, kuma a nan ma a atisaye ake sabawa.

Akwai wasa guda da nake ganin ya fi kowanne gina zafin nema, kuma ba ya buƙatar komai sai rabin fili. Huɗu da huɗu, amma masu tsaro kaɗai ke samun maki. In kun hana a ci ku har kuka cafke ƙwallon, maki ɗaya, kuna nan a tsaro. In an ci ku, ku fita, waɗanda suka ci su karɓi tsaron. Nan take za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba, yara suna rige-rigen zama masu tsaro, suna kiran sunan juna, suna jin haushin wanda ya bar mutuminsa. Kuma ka lura harin bai ƙare ba sai ƙwallo ta shiga hannunku, domin a dokar FIBA in masu hari suka sake cafke ta daga kwando ana ba su daƙiƙa 14 sabbi. Tsaron da aka yi da kyau aka bar ƙwallon allo, aikin banza ne.

In kana son hujjar da za ta shiga kansu, nemo musu wasan D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, da Ostareliya a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ku kalla a waya. Najeriya ta ci 75 da 62, kuma ba don ta fi su tsayi ko iya jifa ba. Matsi ne ya sa 'yan Ostareliya suka ɓarar da ƙwallo fiye da sau 20, ƙungiyar da daga baya ta ɗauki lambar tagulla a gasar. 'Yan matan Koci Rena Wakama suka ƙara da doke Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Ka ce wa yaranka kada su bi ƙwallo da ido, su kalli ƙafafu da hannayen masu tsaro.

Game da faɗa kuwa, ka bambance zafi da gaba. Yara biyu su haɗa kafaɗa, su harari juna, murya ta ɗan tashi, wannan ba abin tsayar da atisaye ba ne, shi kake nema. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ture wanda ke sama, zagin iyaye, da ɗaukar maganar fili a kai ta waje. Kai za ka riƙe usur, kada ka bar su su riƙa yanke wa kansu hukunci, domin rabin rigimar atisaye daga "ka taɓa ni" da "ban taɓa ka ba" take tashi. Wanda ya sha kashi ya biya wani abu ƙarami: gudu zuwa ƙarshen fili sau biyu, ko tattara ƙwallaye. Ƙarami nake nufi. Tsallen kwaɗo, bulala da zagayen fili har yaro ya yi amai ba sa haifar da son nasara, tsoron kuskure suke haifarwa, kuma mai tsoron kuskure shi ne wanda ke ɓuya a bayan mai tsaronsa a zango na huɗu don kada a miƙo masa ƙwallo.

Sannan ka riƙa cakuɗa su. Wannan ya fi muhimmanci a Kaduna fiye da garuruwa da yawa, kuma ba sai mun yi wa juna kwana-kwana ba. Tun bayan rikicin 2000 garin nan ya zauna gida biyu, kogi a tsakiya. Yaron Rigasa ko Tudun Wada da yaron Sabon Tasha ko Narayi suna iya girma ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. In ka ce "ku raba kanku gida biyu," kai ma ka san yadda za su rabu, kuma daga nan gasar atisaye ta ɗauki wata ma'ana da ba kai ka ba ta ba. Kai za ka raba, kowane mako da sabon rabo, yadda ƙarfi zai zo daidai, yadda wanda ka fafata da shi jiya shi ne mai rufa maka baya yau. Ba sai ka yi musu lacca a kan zaman lafiya ba, sun sha jin ta. Jadawalinka ne zai yi magana: babu atisaye lokacin sallar Juma'a, babu safiyar Lahadi, a tsaya in lokacin la'asar ko magariba ya yi, a tashi da wuri yadda mai tsallaka gada zai isa gida da sauran haske. Da azumi a rage gudu, a ƙara jifa da koyon tsari, musamman in ya faɗo a zafin Maris da Afrilu. Wani zai kawo maka labarin Hakeem Olajuwon, wanda aka zaɓa gwarzon wata na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a Fabrairun 1995 yana cikin azumi. Gaskiya ne, kuma labari ne mai daɗin ba yara. Amma shi babban mutum ne mai likitoci da masu kula da abincinsa, ba ɗan aji huɗu da ya yi sahur da ɗumame ba.

Yanzu ga gwanin naka, wanda shi ne ainihin tambayar ko da ka ajiye shi a ƙarshe. Duk abin da na faɗa a sama ba zai yi aiki ba muddin yana shigowa bayan rabin awa ya ɗaura kambas ka sa shi cikin biyar na farko. Sauran goma sha ɗaya sun riga sun karanta dokar ƙungiyarka ta gaskiya: in ka iya, ba ruwanka da doka. Kuma ina kyautata zaton mutuwar jikin da kake gani tana da alaƙa da wannan. Yaran da aka nuna musu cewa mutum ɗaya ne ke cin wasa, in an wuce su sai su tsaya suna jiran mutum ɗayan nan.

Kafin hukunci, bincika. Me ke makarar da shi? Yaro da yawa sai ya tsare shagon mahaifinsa, ko ya tashi daga Islamiyya ko darasin yamma, ko ba shi da kuɗin keke sai ya tako daga Kawo ko Unguwar Mu'azu, kuma kunya ba za ta bari ya faɗa a gaban abokansa ba. In uzuri ne na gaske, a gyara: a matsar da lokaci, a haɗa shi da wanda ake kawowa a mota, ko a sa dokar cewa mai uzuri ya sanar da kyaftin kafin lokaci. In kuwa jin kai ne, to sai doka. Ka tara su duka, ku amince da dokoki kaɗan, uku sun isa: zuwa a kan lokaci, yin shiru in ana bayani, da hana ɗora wa abokin wasa laifi a fili. A faɗi hukuncin kowacce tun kafin a karya ta. Wanda ya makara babu sanarwa ba zai fara wasa na gaba ba, zango na farko a benci zai yi shi. Sannan ka kira gwanin gefe, ku biyu, ka ce masa dokar nan za ta hau kansa kamar kowa. Kada ka tozarta shi a gaban jama'a. Yaron da aka ci wa mutunci a gaban tsararsa ba gyaruwa yake yi ba, neman hanyar ramawa yake.

Zai gwada ka, wannan babu makawa, kuma ranar da ya gwada kana iya rasa wasa. Don haka ka kafa dokar tun farkon zangon karatu, lokacin wasannin sada zumunta, ba ana gobe wasan share fagen gasar Milo ta makarantun sakandare ba. Ka kuma sanar da shugaban makaranta da malamin wasanni tun da wuri, domin in ba haka ba ranar da suka ga yaron a zaune ana cin ku, kai za a tuhuma. Minti goma ne kawai, amma sauran yaran ba za su manta da su ba.

Bayan haka kada ka tsaya a hukunci, gwani yana buƙatar abin da zai ƙure shi. Sau da yawa raini ne ke kawo makara, atisayen ya yi masa sauƙi. Haɗa shi da huɗu mafi rauni ka ce ya ci da su. Hana shi jifa har sai kowa a ɓangarensa ya taɓa ƙwallo. Sa shi ya tsare wanda ya fi kowa sauri. In yana mafarkin fita waje, gaya masa gaskiya: masu neman 'yan wasa suna tambayar hali kafin su ɗauka, kuma masu iya jefa ƙwallo sun yi yawa a duniya. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson ya koyi wasan, bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA a 2019. Hanyar da ƙwallon kwando ke kai mutum ba ɗaya ba ce, kuma kusan dukkansu suna bi ta aji. Saboda haka ni ina ganin daidai ne sakamakon jarrabawa ya shiga cikin sharaɗin sa jesi.

'Yan benci kuma, kada ka yi musu alkawarin da ba za ka cika ba. Wasa zango huɗu ne na minti goma-goma, mutum biyar a fili, jimilla minti 200 da za a raba wa mutum 12. Ba za a raba daidai ba, kuma sun sani. Abin da suke so shi ne kowa ya san aikinsa da abin da zai ƙara masa minti. Ka ce wa wane, kai aikinka ka shiga minti uku ka hana mai rabon ƙwallonsu numfashi. Tunda laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, ranar da za a nemi na takwas da na tara tana zuwa. Kuma dole littafin nan ya riƙa juyewa ya zama minti. In yaro ya yi mako biyu yana saman jeri a tsaro amma ranar wasa bai cire rigar sama ba, ka kashe littafin da hannunka.

Abu biyu da ke rusa ƙungiya a ɓoye, zan faɗe su a gurguje. Na farko hayar ɗan wasa ko rage shekaru. Ranar da ka shigo da ƙaton da ba ɗan makarantar ba ka sa masa jesin yaron da ya yi wata uku yana zuwa atisaye, duk maganar adalci da ka yi ta tashi a banza, kuma yaran sun fi kowa sanin shekarun juna. Na biyu mulkin siniya a kan juniya. In ƙanana ne kullum ke ɗebo ruwa da share fili, juya abin: kyaftin da manya su fara ɗaukar tsintsiya, musamman da hunturu da ƙura ke sa fili santsi.

Kai kanka kuma ana kallonka. Kocin da ke bin alƙalin wasa da masifa yana koya wa yaransa cewa in an sha kashi laifin wani ne. In abokan hamayya suka ci shida ko takwas a jere, nemi hutun minti ɗaya, kana da biyu kafin hutun rabin lokaci da uku bayansa. A cikin mintin nan kada ka karanto musu laifuffukansu. Faɗi abu ɗaya da za su iya yi yanzu: a hana su ci sau uku a jere. Sun san wannan maganar daga atisaye, sun san sun taɓa yin ta.

Makonnin farko abin zai ƙara rikicewa kafin ya daidaita. Masu yawan ci za su yi gunaguni ganin sunansu a tsakiyar jeri, wasu za su ce mai riƙe littafi yana son kai. Ka riƙa canza mai rubutun, ka bar littafin a buɗe ga duk mai son dubawa. In yaro ya zo yana musu cewa an cinye masa maki ɗaya na ƙwallon allo ranar Talata, kada ka kore shi. Ku buɗe ku duba tare, ku tambayi waɗanda ke fili a lokacin, in yana da gaskiya a gyara a gaban kowa.